Sai an Nuna wa Yaya Abin da Aka Cire

A gidanmu, duk takardar da ta shigo da Turanci tawa ce. Haka aka raba mu tun muna yara a Zangon Kumasi: yayana ya tafi Magazin na Suame, unguwar makanikai, ya koyi kwance injin manyan motoci, ni kuma aka tura ni makaranta na fito malamin firamare. Shi ake kira Masta, ni ake kira Ticha, har mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, da waɗannan sunayen ta ƙarasa kiranmu. Takardar fili, sammacin kotu, wasiƙar makarantar 'ya'yansa, duk sai ya miƙo mini ya ce, "Ticha, me suka ce?" In karanta, in faɗa masa da Hausa, ya gyaɗa kai. Shekara arba'in muna haka bai taɓa neman a sake duba aikina ba, alfarmar da ko sufeton makarantu bai taɓa yi mini ba.

Ciwon da fitsari ya fara masa. Ya ɓoye kusan shekara, har matarsa, wadda dukanmu muke kira Hajiya, ta lura buta ba ta hutawa. Kafin ya yarda a je asibiti sai da ya shanye jarkokin maganin sanyi na masu talla a kasuwar Race Course, domin a wajenmu duk abin da ya taɓa namiji tsakanin cibiya da gwiwa sanyi ne, kuma maganinsa ɗaci. Aka gwada jini, aka sake gwadawa, aka tsakuro ɗan nama da allura. Sannan aka kira mu.

Likitan Batone ne, wato ɗan ƙabilar da ke da garin, yaro a kanmu. Da Yaya yarensu na Tonanci yake yi, yaren da Yaya ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, tunda a Magazin ya tsufa. In ya juyo gare ni kuma sai ya koma Turanci. Ya ce ciwon daji ne a wani ɗan ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wanda suke kira furostet. Ya ce alamu sun nuna ciwon bai fita daga ƙullin ba tukuna, kuma abin godiyar ke nan, domin in ya fita magana ta canza. Hanya biyu ya shimfiɗa mana: a yanka a cire naman gaba ɗaya, ko a yi ta gasa shi da haske na wasu makonni. Ya ba mu wata ɗaya mu yi shawara, ya rubuta ranar dawowa a bayan kati.

Muna fita ƙofar asibitin Yaya ya ce, "Me ya gaya maka da Turanci?"

"Abin da ya gaya maka da Tonanci."

"To me ya sa naka ya fi tsawo?"

"Turanci ne, Yaya. Sai ya zagaya kasuwa kafin ya shigo gida."

Ya yi dariya. Amma ni ma a raina ina tambayar me ya sa likitan ya dafa kafaɗarsa daidai wata kalmar Tonanci da ban kama ba. Kowannenmu ya koma gida yana zaton ɗan'uwansa aka ba ainihin labarin.

Hanya ta uku ta waya ta zo. Babbar 'yar Yaya nas ce a Jamus. Ta kira ta bidiyo, muka jingina wayar da butar shayi, ta ce a inda take aiki akwai wata dabara da ba a yanka mutum: daskarar da naman ake yi. Za a sa shi barci, a soka wasu siraran allurai ta fatar da ke tsakanin ƙafafu, likita yana kallon hoton cikin a allo. Sai a tura wata iska mai tsananin sanyi ta cikin alluran har ƙullin ya zama ƙanƙara, a bar shi ya narke, a sake daskarar da shi. Ciwon ba ya tsira daga wannan. Hanyar fitsari kuma ana ratsa mata roba mai ruwan ɗumi don kada sanyin ya taɓa ta.

Yaya ya ce, "Sanyi ne ya kai ni asibiti, yanzu kuma a ƙara mini?"

"Baba, ba wannan sanyin ba ne."

"Sanyi nawa ne a duniya?"

Ta yi haƙuri da shi, ta ce za ta aiko da takardu da Turanci, Baba Ticha zai karanta masa. Da ta kashe wayar, Yaya ya ce shi ya san inda aka dosa. Yarinyar nan ta daɗe tana son ta kwashe shi ta ajiye a wani bene inda ba a jin kiran salla, in ya mutu a binne shi cikin akwati. Yanzu ta sami dalili mai hatimin likita.

Na buga takardun, na zauna da jan biro kamar ina duba jarrabawa. Hoton da ke shafin farko bai yi mini ba: wani dattijo fari tas a kan keke, yana dariya kamar ciwon daji kyauta ce ya ci. Na daɗe da sanin cewa takardar da ta fara da murmushi, maganarta tana ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Can na same ta. Ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ciwonsa bai bazu ba. Ba ta daɗe a hannun likitoci kamar yanka ba, don haka abin da aka sani game da ƙarshenta bai kai na yankan ba. Ƙarfin namiji yawanci yakan tafi. Za a yi kwanaki da robar fitsari. Wani lokaci sai an sake. Na ja layi a ƙarƙashin kowanne, kuma duk na faɗa wa Yaya, ban rage ba.

Duk da haka zuciyata ta karkata ga ƙanƙarar. Wuƙa nake tsoro a jikin mutum mai shekara saba'in da 'yan kai. Wannan dalilin nake faɗa wa mutane. Akwai na biyu, wanda sai daga baya na yarda na kalle shi: takardun sun ce marar lafiya zai zo da mai rakiya, kuma a gidanmu mai rakiyar da ya ji Turanci mutum ɗaya ne. Na yi shekara talatin ina nuna wa yara Turai a taswira da tsinken bulala. Ban ce wannan ne ya tura ni ba. Ban kuma iya rantsuwa cewa bai sa hannu ba.

Yaya ya saurari bayanin duka yana jan carbi. Maganar ƙarfin namiji ma hannu kawai ya kaɗa, ya ce wannan ofishin ya daɗe da rage ma'aikata. Sai ya yi tambayar da ba ta cikin takarda.

"In sun gama, me za su miƙo mini?"

Wanda bai san Magazin ba ba zai gane nauyin tambayar ba. A can, in ka kai mota aka ce famfon mai ya mutu, aka sa sabo, to dole makaniki ya miƙo maka tsohon a hannunka, da baƙin mansa da komai. Ko ba ka so sai an jefa maka shi a bayan mota. Shi ne shaidar cewa an buɗe, an cire, an sa wani. Makanikin da ya ce ya canza amma tsohon ya ɓace, an san sunansa. Na taɓa ganin Yaya ya hau trotro, motar haya, daga Suame har tashar manyan motoci yana rungume da wani mataccen ƙarfe a tsumma, saboda direban ya tafi ya manta da shi. Direban ya ce, "Masta, ai na yarda da kai." Yaya ya ce shi bai yarda a yarda da shi haka kawai ba.

Na ce masa ba a cire komai. Naman yana nan a wurinsa, ya mutu, jiki ya shanye shi a hankali.

"Wato a rufe bonet ɗin mota a ce an gyara."

"Jini za a riƙa gwadawa, shi zai nuna."

"Jinin da za su gwada su kuma su rubuta? Ticha, kai yaro ya taɓa duba jarrabawarsa da kansa a ajinka?"

Bayan la'asar har wurin liman ya je ya tambaya ko sallar mutum tana yiwuwa da mataccen nama a cikinsa. Liman ya ce tana yiwuwa. Yaya ya dawo yana cewa liman bai fahimci tambayar ba.

Mako biyu suka wuce a haka. 'Yar ta kira ni ni kaɗai, tana kuka, ta ce, "Baba Ticha, kai kaɗai yake ji. Ka san yadda za ka faɗa masa."

Na koma cikin takardun. A jerin matsalolin da ka iya biyo baya akwai wani layi da ya ce wani lokaci guntayen mataccen naman sukan zubo ta hanyar fitsari, har su toshe ta. Na daɗe ina kallon layin nan. Abin da na yi ƙarami ne a ido, irin wanda malami yake yi wa sakamakon ɗan hedimasta: na ɗauko layin daga jerin matsaloli na mayar da shi jerin alkawura. Na sami Yaya a ƙofar gida na ce na sake dubawa, ashe akwai abin da ya wuce ni. Bayan 'yan makonni mataccen naman yana fitowa da fitsari kaɗan-kaɗan, zai gan shi da idonsa.

Ya dube ni ta saman tabarau. "A takardar yake?"

"Yana ciki." Na nuna masa layin da yatsa. Ya kalli baƙaƙen da ba ya iya karantawa, ya kalli jan layin da na ja, ya gyaɗa kai irin yadda ya saba.

"To wannan magana ce. A fara shiri."

Aka ɗauki hoton fasfo. Hajiya ta fara neman rigunan sanyi a gwanjo. Saura wasiƙar likitanmu da za a aika can, don haka muka koma asibiti kwana uku kafin ranar da ke bayan kati. Likitan bai ɓata rai ba da ya ji shawarar. Ya ce daskarewar magani ne na gaske, ba yaudara ba, kuma mai yiwuwa ta dace da irin ciwon Yaya, sai dai su na can za su sake dubawa su tabbatar. Yana cikin rubutu Yaya ya gyara zama ya yi masa tambaya da Tonanci, cikin natsuwa, kamar mai tambayar lokacin jirgi. Ya ce ya sayi sabon matacin shayi, amma yana so ya sani, a kwalba zai riƙa tara abin da ya fito, ko akwai wani mazubi da asibiti ke bayarwa?

Likitan ya ajiye biro. Ya sa aka maimaita masa. Sannan ya ce a'a, ba haka ake so ba sam. In mutum ya ga nama a fitsarinsa bayan aikin, matsala ce, asibiti zai ruga. Yawancin mutane ba sa ganin komai, kuma rashin ganin shi ne alheri.

"Wa ya gaya maka wannan?"

Yaya bai juyo ba. Ya ce, "Wani malami."

Likitan ya dube ni. Na taɓa tsayawa gaban kwamitin ladabtarwa a kan laifin da ba nawa ba, amma ban ji kunya kamar ranar nan ba.

Muka hau trotro, muka wuce kasuwa. Sannan, yana kallon taga, ya ce, "Ticha, sau nawa?"

"Sau nawa me, Yaya?"

"Takardar filin nan. Ta kotu. Wasiƙar da aka kori yarona daga makaranta. Sau nawa ka gyara mini su don kada raina ya ɓaci?"

Na ce wallahi wannan ne karo na farko. Ya ce shi ma duk yaron da ya kama da ɓoye tsohon ƙarfe, karonsa na farko ne.

Da a ce ƙanƙarar kawai ya fasa, da sauƙi. Sai ya zama duk abin da ya bi ta bakina ya lalace, har da takardar da ta ce yana da ciwon. Na tuna masa cewa likita ya faɗa masa da Tonanci da kunnensa. Ya ce likita ya faɗi abin da takarda ta ce, takarda kuma wa ya gan ta? Ya karɓe fayil ɗinsa daga hannuna ya raba shi shafi-shafi. Ya kai ɗaya wa mai kemis na bakin titi. Ya kai ɗaya wa wani tsohon akawun kotu a Kwadaso. Ya kai na uku wa wata nas mai ritaya da ke sayar da ruwan sanyi a bayan masallaci. Ba ya gaya wa kowa abin da na baya ya ce, sai ya dawo gida ya haɗa maganganunsu ya ga ko sun yi daidai. Wani shafin sau uku aka karanta masa. Ni da na koyar da lissafi ba zan iya kushe tsarin ba. Illarsa ɗaya: yana cin lokaci. Ranar da ke bayan kati ta zo ta wuce. Jarkokin Race Course suka dawo ƙarƙashin gado.

'Yar ta kira ni, muryarta a bushe. "Baba Ticha, ni ban ce ka yi masa ƙarya ba. Cewa na yi ka san yadda za ka faɗa masa." Na amsa cewa haka ne. Ban tambaye ta wace hanya take nufi ba, tunda gaskiyar na riga na gwada ta.

Kullum da safe nakan wuce ta ƙofarsa in gaishe shi. Yakan amsa cikakkiyar gaisuwa, har ya tambayi iyali, abin da bai taɓa yi mini ba sai yanzu da na zama baƙo. Ina kallon wuyan rigarsa ko ya ƙara faɗi, ina kallon yadda yake tashi daga benci ko ƙugunsa ya fara ciwo, don na karanta cewa in ciwon ya fita, ƙashi yake nema. Mako bakwai aka yi haka.

Hajiya ce ta kawo ƙarshensa. Ta same ni a gida ranar wata Lahadi, ta ƙi zama. Ta ce ta gaji da yawon shafuka, ta kama hannunsa ta kai shi wurin likita da kanta, su uku, ba Turanci ko kalma ɗaya. Yanka za a yi, a nan Kumasi, ranar Talata. Yaya ya kafa sharaɗi: sai an nuna abin da aka cire. Likita ya ce naman ɗakin bincike za a kai shi, amma zai ɗaukar masa hoto a waya. Yaya ya ce hoto na kowa ne. Aka daidaita cewa za a fito da shi a kwalba a nuna wa wakilinsa kafin a wuce da shi.

"Ni ya wakilta," in ji ta. "Ya ce kana iya zuwa, amma ka zo da bakinka a aljihu."

Na je. Muka zauna a kan dogon benci tun hantsi har azahar ta gota. Wata nas ta fito da kwalba mai murfi a cikin ƙaramin tire. Hajiya, wadda ko kaza ake yankawa sai ta shige ɗaki, ta miƙe ta kafa wa abin ido. Na leƙa ta bayan kafaɗarta. Bai fi goro babba ba, yana nutse cikin ruwan magani. A kan wannan ɗan abu muka yi wata uku ba mu sha shayi da daɗi ba.

"Yaya zan san nasa ne?" ta tambaya da Tonanci.

Nas ɗin ta juya kwalbar ta nuna mata takardar da aka manna. Hajiya ta juyo gare ni za ta ce in karanta mata, tsohuwar al'ada ta shekara arba'in. Sai ta tsaya. Ta waiga ta ga wani mutum a ƙarshen benci yana karanta jarida, ta ce, "Bawan Allah, don Allah zo ka karanta mini sunan nan." Ya taso ya karanta. Sunan Yaya ne, da shekarunsa.

Sakamakon binciken ya fito bayan makonni. An cire ciwon, amma a gefe guda ya kai har bakin inda wuƙa ta bi. Likitan ya ce za a riƙa gwada jini lokaci-lokaci, in ya motsa a bi shi da gashin haske. Na same shi shi kaɗai na tambaye shi ko makonni bakwai ɗin nan ne suka kai ciwon bakin. Ya ce irin wannan ciwon yawanci a hankali yake tafiya, da wuya su ne. Na ce da wuya, ko ba su ba ne? Ya ce da wuya. Na tambaye shi ko da ƙanƙarar aka yi da ya fi. Ya ce ba wanda zai iya gaya mini wannan, kuma duk wanda ya ce zai iya, in yi hankali da shi.

Zuwa yau jinin bai motsa ba. Abin da yankan ya bar wa Yaya shi ne ɗigon fitsari da bai gama tsayawa ba. Mutumin da ya yi shekaru a sahun farko bayan liman, yanzu sai an kusa tayar da iƙama yake sabunta alwala, ya tsaya a sahun ƙarshe dab da ƙofa, inda takalma suke, don in abin ya zo ya fita ba tare da ya tsallaka kowa ba. Na bar wurina na gaba na koma gefensa. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban ba da ba. Ran nan muna daidaita sahu, kafaɗata na gogar tasa, ya sunkuyo kaɗan kamar zai faɗi wata magana. Na miƙa kunne.

"Matsa," in ji shi. "Ka taka mini riga."